Gwajin Ƙwaya da Haƙƙin Wanda Aka Gwada

Jama'a, maganar gwajin ƙwaya ta iso ƙofar gida. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar NDLEA suka amince a riƙa gwada ɗaliban manyan makarantu, don haka duk mai ɗa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda abin ya shafe shi. Wasu kuma suna kira a gwada ango da amarya kafin ɗaurin aure, a gwada direba tun a tasha. Kiran yana da dalili, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma mutum 12 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya. Gwaji abu ne mai amfani, amma da sharaɗi: kada a hukunta kowa da gwajin farko kaɗai.

Ga dalili. Gwajin da aka fi yi shi ne na fitsari. Akan tsoma ɗan tsinke a ciki, bayan kamar minti biyar a duba. Layi biyu na nufin ba a ga komai ba, layi ɗaya kuwa shi ne alamar an ga wani abu, wato akasin gwajin ciki, kuma ko a nan ma wanda bai ƙware ba yakan yi tuntuɓe. Kowane tsinke abin da aka yi shi dominsa kawai yake gani. Na kodin ba ya kama taramol, sholisho kuwa ba ya fitowa sam. Kodin kan bar fitsari cikin kwana biyu zuwa uku, amma tabar wiwi tana iya kai wata guda a jikin wanda ya daɗe yana busawa, ko da ya tuba ya daina. Mafi muni, maganin asibiti yana ruɗa tsinken. Rifampicin na tarin fuka yakan fito kamar dangin kodin, efavirenz na masu cutar ƙanjamau yakan fito kamar wiwi. Shi ya sa masana suka ce sai an kai fitsarin ɗakin gwaje-gwaje, na'ura ta rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, kafin a ce an tabbatar. Ita giya da numfashi ko jini ake auna ta, kuma cikin sa'o'i take gushewa.

To, mene ne hukuncin? Dokar NDLEA, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 48 ta 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai riƙe ko amfani da hodar iblis da makamantanta. Zamfara kuwa, tun da Shari'a ta fara aiki a Janairun 2000 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, haddin Musulmin da ya sha giya bulala tamanin ne. Malamanmu ba su taɓa wasa da hujja a wannan babin ba. Sai dai mutum ya yi iƙirari, ko adilai biyu su shaida. Imamu Malik ya karɓi shaidar warin giya, Imamu Shafi'i bai karɓa ba, kuma malamai sun tafi a kan cewa shubuha tana kawar da haddi. Tsinken da maganin tarin fuka ke iya ruɗawa ai shubuha ce ƙarara. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 36, ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, sashe na 37 ya kare sirrinsa, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana lafiyar mutum sai da izininsa ko inda doka ta buƙata.

Wani zai ce mai gaskiya ba ya tsoron gwaji, kuma ƙasar da 'yan bindiga suka addaba, ake safarar ƙwaya zuwa daji, ba ta da lokacin wannan dogon turanci. Damuwarsa gaskiya ce. Direban da zai kwaso jama'a daga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya bi hanyar Zurmi zuwa Jibiya, in tsinke ya nuna alama a sauke shi a ranar, domin rai ya fi kuɗin mota. Amma dakatarwa daban, hukunci daban. A gari kamar Zurmi, inda kowa ya san gidan kowa, kalmar "ɗan ƙwaya" tana raba aure, tana hana aiki, kuma in ta fita ba ta komawa. Tsadar gwaji na biyu ba hujja ba ce. Hukumar da ta wajabta na farko ita ya kamata ta ɗauki nauyinsa. Wanda aka tabbatar yana sha kuwa, in an kore shi daga makaranta ba tare da magani ba, an miƙa shi ga dillalai ne kawai.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in an kira ka ko ɗanka gwaji, je ka. Tafi da katin asibiti da duk maganin da ake sha, ka tabbata an rufe kwalbar an rubuta suna a gabanka, ka tambayi wa da wa za su ga sakamakon. In ya fito da alama, nemi gwaji na biyu kafin ka sa hannu a kowace takarda.