Idan Injin Jirgi Ya Fara Tari

Ɗana, tunda yanzu masu jirage a bakin ruwan Yawuri sun fara tsallake ni suna kawo maka inji, bari in faɗa maka magana a kan bakfaya, domin a nan ne na ga samarin makanikai suna gaggawa. Da zarar inji ya yi "fau!" sai ka ga an ɗauko sifana an nufi bawul. Ka yi haƙuri da hannunka tukuna.

Ka fara da duba wane irin inji ne a gabanka. Yawancin Yamaha Enduro da ke yawo a tafkin Kainji masu bugu biyu ne, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai. Waɗannan ba su da bawul ɗin da ake sawa a geji. Abin da ke gare su wasu siraran ganyayyaki ne a bayan kafireta, masu buɗewa su rufe da kansu. In ɗaya ya tsage, za ka ga kafireta tana tofo mai waje, kuma maganinsa canji ne. Inji mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke zaune daban a cikinsa, shi ne mai bawul na shiga da na fita.

Sannan ka tambayi mai jirgi daga ina ƙarar take fitowa, kuma ka sa a tayar ka ji da kunnenka. A tayar a cikin ruwa ko a durom, kar a busasshe, don robar famfon ruwa ba ta jure ko ɗan lokaci kaɗan ba ruwa. In tarin ta bakin kafireta yake, kamar atishawa, galibi mai ne ya yi kaɗan iska ta yi yawa. Irin wannan haɗi yana ci a hankali, har ƙofar shigar mai ta sake buɗewa wutar ba ta mutu ba, sai ta bi hanya ta koma baya. Ka duba jet ko datti ya toshe shi, ka kwance ƙasan kafireta ka tsiyaye a kwalba ka ga ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Fetur ɗin jarka da ya kwana a bakin kogi ba abin yarda ba ne. Ka duba tiyo, da robar da ake matsawa, da gaskit, har da 'yar ƙofar iska ta murfin tanki, wadda direbobi kan manta a rufe. In kuwa harbin ta salansa yake, to mai ne ya fita bai ƙone ba ya je ya kama a can. Nan ka nufi fulogi da wayoyinsa. Sau da yawa wani ne ya wanke fulogi ya mayar da wayoyin a juye.

Akwai tambayar da nake so ta zame maka jiki: "Malam, farfela ta bugi wani abu kwanan nan?" Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe itatuwa, kututturansu na nan a ƙasa. In farfela ta daki kututture inji ya tsaya cak, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe fulawil a kan sanda yakan yanke ko ya lanƙwashe. Fulawil ya ɗan goce, wuta ta riƙa zuwa ba a lokacinta ba. Ko ka kwana kana wanke kafireta, tarin ba zai tafi ba. Mai jirgi ba zai faɗa maka da kansa ba, musamman in yaronsa ne ke tuƙi ranar.

Sai ka gama da waɗannan ka zo kan bawul, in injin mai bugu huɗu ne. Inji ya huce sarai, gara ma wanda ya kwana. Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, kuma ɗan gibin da ake bari tsakanin roka da kan bawul saboda wannan miƙewar ne. Ka cire fulogi, ka juya fulawil da hannu ta inda yake juyawa in yana aiki, har fistin ya kai ƙololuwa. Amma fistin sau biyu yake hawa kafin zagaye ya cika. Wanda kake nema shi ne lokacin da bawul biyun suke rufe, ka taɓa roka ka ji duka suna ɗan motsi. In ka ga ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa, ka ƙara juyi ɗaya cur.

Kowane inji da ma'auninsa, ka nema a littafinsa. Ƙananan Honda irin GX200, na shiga milimita 0.15 ne, na fita 0.20. Ka sassauta noti, ka zura fila geji, ka juya har ka ji yana wucewa da ɗan ja. Ka riƙe ka ɗaure noti, sannan ka sake aunawa, domin ɗaurin kansa yakan rage gibin.

Masu jirgi suna son inji shiru, za su ce ka matse har ƙas-ƙas ɗin nan ya ɓace. Ka lallashe su. Bawul mai sako-sako surutu yake yi ya ɗan rage ƙarfi. Wanda aka matse ba ya zama daram a mazauninsa: na shiga ya riƙa mayar da wuta kafireta, na fita kuwa ya kasa sauke zafinsa har bakinsa ya ƙone. Kuma yau da gobe mazaunin yana cinyewa, gibin yana ƙara raguwa da kansa. In ka daidaita komai amma silinda ɗaya ba ta da matsi, to mai yiwuwa bawul ya riga ya ƙone ko ya lanƙwashe, sai an sauke kan inji.

Duk lokacin da za ka gwada inji mai tari, ka sa a fitar da jarkokin fetur daga bayan jirgi, a kwashe man da ya zube, fasinja su tsaya a tudu. Bayan ya lafa, ka shiga kai da direba ku zaga da shi da ɗan kaya a ciki, domin wani tarin ba ya fitowa sai inji ya ɗauki nauyi.