Yadda Ake Sa Dikoda A Ƙaramin Kan Jirgin Ƙasa

Tunda aka ƙaddamar da aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya biyo ta nan Kazaure, na ji wasu 'yan uwa na sashen lantarki suna shawarar haɗa ƙaramin samfurin jirgin ƙasa a matsayin aikin kammala karatu. Shawara ce mai kyau. Sai dai jirgi ɗaya yana zagaye a kan tebur ba zai burge malamai ba. Abin nunawa shi ne jirage biyu a layi ɗaya, kowanne yana bin umarninsa.

A tsohon tsari, in ka ƙara wuta a dogo, duk jiragen da ke kai tare za su tashi. A tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, wuta ba ta yankewa daga dogo, kuma umarni a cikinta yake tafiya. Kowane kan jirgi yana da ɗan ƙaramin allo, wato dikoda, mai lambarsa. In ba lambarsa aka kira ba, ko gezau. Sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa.

To, ga inda kuɗi ke ƙonewa. A tsofaffin samfura, moton da ke juya ƙafafun yana shan wuta kai tsaye daga dogo, wani lokaci ta jikin ƙarfen jirgin kansa. Dole ka raba su gaba ɗaya kafin ka kusanto da dikoda. Cire wayoyin, ka ɗauko mita ka sa ta a awon haɗuwa, baki ɗaya a ƙafar moto, ɗayan a ƙafafun jirgin. Ka gwada ƙafafun moton biyu, ka gwada da jikin ƙarfen ma. In mita ta yi ƙara, tsaya nan. Nemo inda suke taɓa juna ka toshe da salatef. Ido ba ya isa, wallahi, don ɗan siririn ƙarfe a ƙarƙashin moto ya ishe ka asara. Dikoda kuwa ba a kasuwar Kazaure ake sayenta ba, odarta ake yi, ga canjin dala, ga ranar kare aiki tana matsowa.

Launin wayoyi ba wuya. Ja tana zuwa dogon dama in jirgin ya fuskanci gaba, baƙa dogon hagu. Ruwan lemo da ruwan toka na moto ne. Shuɗiya ita ce ta tarayya ga fitilu, fara fitilar gaba, rawaya ta baya. In ƙananan fitilun LED ne, kar ka manta da rizisto. Liƙa da dalma kaɗan, ka rufe kowane gaɓi.

Gwajin farko kuma a layin saiti ake yinsa, inda wutar ba ta da ƙarfi. In akwatin umarni ya karanto maka 3, haɗinka ya yi, sai ka canja lambar a CV1. In jirgin ya yi baya alhali gaba ka ce, sauya wayoyin moton biyu kawai.

Akwatin umarnin ma ba sai an saya ba. Da Arduino Mega da allon tuƙa moto da manhajar DCC-EX, wadda kyauta ce, za ku haɗa naku a ɗakin gwaji.