Aikatau na Ingilishi da Bunƙasa Rumbun Kalmomin Ɗalibi Bahaushe

A cibiyoyin darasin share fagen jarrabawar WAEC da JAMB da ke Muciya da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, hanyar da aka fi bi wajen ƙara wa ɗalibi kalmomin Ingilishi ita ce hadda: a jera manyan aikatau, kowanne da ma'anarsa a gefe. Hanyar takan fitar da ɗalibi kunyar jarrabawa. Sai dai idan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya kai ga rubuta kundin kammala digiri, rauninta yakan fito fili, domin sanin ma'anar aikatau daban, sanin mazauninsa a jimla daban.

Tushen matsalar yana cikin ginin harsunan biyu. Tun a 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, inda ya nuna cewa sauyin ƙarshen kalma da karin sauti ke sauya ma'ana. Daga saiwa ɗaya ake samun saya, sayo, saye, sayar da sayu. Ingilishi kuwa sau da yawa sabuwar kalma yake ɗaukowa: buy da sell, learn da teach, borrow da lend. Wannan yana cikin dalilan da suka sa wanda ya saba cewa "ara mini" yake faɗin borrow me a inda lend me ya dace. Haka nan "tattauna a kan" ke jan alƙalaminsa zuwa discuss about, alhali discuss aikatau ne so-karɓau da ba ya buƙatar wata kalma tsakaninsa da karɓau.

Tarihi ma ya ƙara nauyin. Bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a 1066, Ingilishi ya ari ɗimbin kalmomi daga Faransanci da Latin, har aiki ɗaya ya samu sunaye hawa-hawa, kamar ask, question da interrogate. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin tambaya da titsiye ba zai ɗauke su abu guda ba.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne aikatau na ruwaito maganar masana. Ɗalibin da ya rubuta cewa wani masani claims abu kaza, ya nuna shakku a kan maganar ko da bai yi niyya ba, kamar yadda "ya yi iƙirari" take a Hausa. Argues na nufin masanin ya kafa hujja, demonstrates na nufin marubucin ya gamsu da hujjar, concedes kuma amincewa ce da wani ɓangare na ra'ayin abokin jayayya. Deny musantawa ce kawai, refute rushe magana ce da dalili. Mai duba kundi yana iya zargin ɗalibi da jingina wa masani abin da bai faɗa ba saboda kalma ɗaya irin wannan.

Jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai iyalan kalmomi 570, ya isa mafari. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya zaɓi aikatau kaɗan daga ciki, ya nemo kowanne a maƙalun fanninsa a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ya kwafi jimlar ɗungurungum, ya lura da abin da ke bin aikatau ɗin, sannan ya gina tasa jimlar a kan batun da yake nazari.