Darasin Kimiyya: Lissafin Mol da Zafin da Asid da Soda ke Fitarwa

Darasin wannan fitowa na yaranmu ne da ke sakandare a nan Tamanrasset, amma masu haɗa sabulu da masu gyaran batir su ma su duba.

Kowace uwa ta san kanwa tana kashe tsami. Haka asid da alkali ke kashe juna, su koma gishiri da ruwa, kuma zafi ya fita.

Mene ne mol? Kamar yadda ake auna gero da tiya, haka ake auna sinadari da mol. Mol 1 na sodar sabulu, wato NaOH, nauyinsa giram 40 ne. Idan an narkar da shi a ruwa har ya cika lita 1, ƙarfinsa ya zama mol 1 a lita.

Misali: an haɗa mililita 50 na asid HCl da mililita 50 na ruwan soda, kowanne mai ƙarfin mol 1 a lita. Ma'aunin zafi ya tashi daga digiri 25 zuwa 31.8.

1. Yawan mol: ƙarfi sau lita, wato 1 × 0.05 = mol 0.05.
2. Nauyin haɗin: kusan giram 100.
3. Ƙarin zafi: 31.8 − 25 = digiri 6.8.
4. Zafin da ya fita: 100 × 4.18 × 6.8 = jul 2,842. Lambar 4.18 ita ce jul da ke ɗaga giram 1 na ruwa da digiri 1.
5. Na mol guda: 2,842 ÷ 0.05 = jul 56,840, kusan kilojul 57.

A kula: a mayar da mililita zuwa lita kafin mataki na 1. Nan ne maki ke yawan zubewa.

Wannan zafi ba na takarda kaɗai ba ne. Idan ruwan batir ya zuba wa yaro, kada a shafa masa kanwa ko toka. Idan soda ce, kada a sa lemun tsami. Ƙunar za ta iya ƙaruwa. A cire tufafin da suka jiƙe, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, sannan a kai shi asibiti. Wajen haɗa sabulu kuwa, soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda.

Aikin gida: mililita 100 na asid da mililita 100 na soda, kowanne mai ƙarfin mol 0.5 a lita. Digiri nawa zafin zai ƙaru? Amsa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.