Kafin Ka Hau Mambila, Ka San Yadda Za Ka Sauko

Ni direba ne, aikina ɗaukar baƙi daga Jalingo zuwa tsaunin Mambila, kuma na daɗe a kan wannan hanya. Ganin yadda matasa ke ta haɗa kuɗi suna zuwa da motocinsu lokacin hutu ya sa na ga ya wajaba in faɗi abin da idona ya gani.

Wurin ya cancanci a je. Daga Jalingo za ka bi ta Bali da Serti, ka isa Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan sai hawa. Kana ƙarasawa sama, wajen mita 1,600 daga teku, sai ƙasa ta buɗe: tuddai shar da ciyawa iya ganinka, shanun Fulani na kiwo, iska mai sanyi na dukan fuska. Ka wuce Maisamari da Nguroje, ka ratsa Kakara ka ga gonar shayi jere kamar an yi mata aski, ka kwana a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Yankin na da tarihi, domin yana cikin Kamarun Arewa ne kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗe shi da Najeriya. Mai son daji ya leƙa kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Mai ƙarfin ƙafa kuma ya nemi izini da ɗan jagora a ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti da ke Serti, ya nufi Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419.

To amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gangara. Wata rana da la'asar ina saukowa na tarar da wata ƙaramar mota a gefen kwana, hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba, samari biyar sun fito jikinsu na ɓari. Direban ya ce mini, “Baba, na taka birki ya tafi ƙasa kamar na taka auduga.” Allah ne ya sa bangon dutse ya tare su, da ɗaya gefen ne sai dai labari. Da na tambaye shi, ashe tun daga sama ya sa motar a firi don ya rage shan mai, ƙafarsa kuma ba ta bar birki ba.

Ga yadda abin yake. Birki gugar ƙarfe ne, guga kuwa zafi take haifarwa. Idan ka danne shi tsawon gangara ba hutu, zafin zai kai ga man birki ya tafasa, kumfa ta shiga bututu, ka taka ka ji wayam. Maganinsa shi ne ka bar inji ya riƙe motar. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, lamba ɗaya ko biyu. In motarka otomatik ce, ka mai da ita kan L ko 2. Ka riƙa taɓa birki kana saki. Da ka ji ƙauri, nemi fili ka tsaya ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa, ƙarfen na iya lanƙwashewa. A wajen hawa ma, idan inji ya yi zafi kada ka buɗe murfin lagireto sai ya sarara, ruwan na iya feso maka a fuska.

Kafin ka baro gida, bakanike ya duba maka birki da mansa da tayoyi. Ka cika tanki tun a ƙasa. Ka tsara tafiyarka yadda hawa da sauka za su zo da rana, domin hazo kan rufe hanya, musamman da damina, wadda a can ta fi tamu tsawo. Cikin hazo ƙaramar fitila ake kunnawa, babba dawo maka da haske take yi. Ka yi ham a kowace kwana, kuma mai saukowa ya ba mai hawa hanya.

Abu na ƙarshe, sanyin dare. Ka zo da rigar sanyi da bargo mai kauri. Don Allah kada ka shigar da kaskon gawayi ɗaki ka kulle ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

Iyayenku da suka yi muku addu'ar tafiya suna jiran ku dawo ku ba su labarin shayin Kakara. Ku sauko a hankali. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.