Na'urar Asibiti Da Hannun Mai Aiki Da Ita

Idan aka yi kuskure da wata na'ura a asibiti, abin da akan fara tambaya shi ne, wane ne ya yi sakaci? Amma masana sun daɗe da gano cewa sau da yawa laifin yana tattare da yadda aka ƙera na'urar tun farko. Saboda haka ne aka kafa wani fanni na musamman, watau ilmin daidaita na'ura da halin ɗan Adam: iyakar ganinsa da jinsa, da mantuwarsa, da yadda hannunsa yakan yi in ya gaji ko yana gaggawa.

Ba a asibiti wannan ilmi ya samo tushe ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin saman Amurka samfurin B-17 sun yi ta janye ƙafafun jirgi bayan sun sauka, jirgi ya ja ciki a ƙasa. Cikin 1943 wani masani, Alphonse Chapanis, ya lura cewa makunnin ƙafafu da na fukafukai iri ɗaya ne, ga su kuma dab da juna. Da aka maƙala wa na ƙafafu 'yar tayar roba yadda hannu zai shaida shi ba sai an duba ba, sai irin wannan haɗari ya kau.

Misalin da aka fi koyar da shi a fannin lafiya shi ne na Therac-25, na'urar ƙona ciwon daji da wani kamfanin Kanada mai suna AECL ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 ta yi wa mutum 6 mummunar ƙuna a Amurka da Kanada, waɗansunsu suka rasu. A watan Maris na 1986, a garin Tyler na jihar Texas, wata ƙwararriyar ma'aikaciya ta buga harafin X maimakon E, ta lura nan take, ta gyara. Na'urar ta tsaya, ta rubuta kalmar Turanci mai nufin tangarɗa, da lamba 54, ta kuma nuna wai hasken da ya fita bai kai yadda ake bukata ba. Littafin da ke hannun ma'aikata bai fassara wannan lamba ba. Da yake na'urar ta saba tsayawa haka sau da yawa ba tare da wani lahani ba, sai ma'aikaciyar ta danna P domin a ci gaba, kamar yadda ta saba. Majinyacin yana can ciki shi kaɗai. A ran nan talabijin ɗin da ake kallonsa da shi ba a haɗe yake ba, abin jin maganarsa kuma ya lalace. An yi nufin ba shi rad 180, watau ma'aunin wannan haske, amma an ƙiyasta abin da ya shige shi ya kai 16,500 ko fiye. Bayan wata biyar ya rasu.

Sai da haka ta sake faruwa a watan Afrilu kana masanin asibitin, tare da ma'aikaciyar, suka gano bakin zaren: in an yi gyaran cikin daƙiƙa 8, umarnin da ke cikin kwamfutar yakan rikice. Abin mamaki, ƙwarewar ma'aikaciyar da saurin hannunta su ne suka tono aibin da mai koyo ba zai taɓa cin karo da shi ba. Har wa yau, an cire makullan kariya da na'urorin da suka gabace ta suke da su, aka dogara ga kwamfuta kaɗai.

To, yaya ake gwajin? Da farko akan je a zauna a ɗakin majinyata a ga yadda aiki yake gudana, da dare da rana. Sa'an nan a yi kwatankwacin na'urar, ko da na takarda ne, a miƙa wa ainihin waɗanda za su yi aiki da ita, watau nas-nas, da ungozoma, da tsoho mai ciwon sukari wanda idonsa ya raunana. Ba injiniyan da ya ƙera ta ake ba wa ba, gama shi ya riga ya san hanya. Ba a nuna wa mai gwaji abin da zai yi. Kallo kurum ake yi ana rubutawa. In ya kuskure, na'urar ake tuhuma, a gyara, a sake gwadawa. Gyaran da ya fi shi ne wanda zai sa kuskuren ba zai yiwu ba sam, kamar yadda aka yi wa bakin tukunyar iskar oksijin ramuka dabam da na iskar sa barci, yadda ɗaya ba za ta shiga gurbin ɗaya ba. Ƙararrawa tana bin bayan wannan. Rubuta gargaɗi a takarda kuwa shi ne mafi rauni, domin ba kowa ke karantawa ba.

An fitar da ƙa'idar duniya kan wannan aiki, IEC 62366, cikin 2007. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma, a jagorarta ta 2016, ta nemi a yi gwajin ƙarshe da aƙalla mutum 15 daga kowane rukunin masu amfani da na'ura.

Ko takardar bayani tana bukatar gwaji. A wani bincike da aka buga cikin 2008, ma'aikatan lafiya na karkarar Zambiya da suka bi takardar kamfani wajen gwajin zazzaɓin cizon sauro sun yi kashi 57 cikin 100 na matakan daidai. Da aka ba su takarda mai hotuna wadda aka gwada aka gyara, ya koma 80. Da aka haɗa da horo, ya kai 90.

A Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke rajistar kayan aikin asibiti. Ma'aikacin da na'ura ta rikita shi, ko da ba a kai ga cutar da kowa ba, ya kamata ya rubuta sunanta da lambarta da abin da ya faru, ya miƙa wa shugaban sashensa domin a isar wa hukumar da kamfanin da ya ƙera ta.