Ina Ungulu Ta Shiga? Darasi a kan Sarƙar Abinci

Masana ilimin halittu sun raba masu rai gida uku bisa ga yadda suke samun abinci. Kashi na farko su ne tsirrai, waɗanda ke haɗa abincinsu da kansu daga hasken rana da ruwa da iska. Na biyu su ne dabbobi, masu cin tsirrai ko cin junansu. Na uku kuwa su ne masu ruɓar da matattu, irin su ƙwayoyin bakteriya da naman gwari, waɗanda ke mayar da gawa taki domin tsiro ya sake amfana. Wannan dangantaka ita ake kira sarƙar abinci. Yawan nau'o'in halittun da ke cikinta shi ne ƙarfinta, domin kowane nau'i da aikin da yake yi. Ungulu ta isa misali.

Aikin ungulu

Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. Kimiyya ma ta yarda da hakan. Ungulu tana hango mushe daga sama, kuma garkenta kan cinye shi ƙarƙaf kafin ya ruɓe ya tara ƙudaje. Ruwan da ke narkar da abinci a cikinta yana da tsami ƙwarai, har yana kashe ƙwayoyin cututtuka masu haɗari, kamar na ciwon saifa da ke kama shanu. Wato ke nan cutar da ta shiga cikin ungulu ta zo ƙarshen tafiyarta. Shi ya sa a da ba a raba mahauta da ungulaye: su ne masu sharar da ba a biyan su ko kwabo.

Abin da ya faru a Indiya

A Indiya akasarin jama'a ba sa cin naman shanu, don haka idan saniya ta mutu akan bar wa ungulaye. Daga farkon shekarun 1990 sai tsuntsayen suka shiga mutuwa, har wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. A 2004 masana suka tabbatar da dalili: wani maganin ciwon jiki ne mai suna diklofenak da ake ba dabbobi. Ungulun da ta ci mushen dabbar da aka ba maganin, sai ƙodarta ta lalace. An hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayen gida suka sami abinci suka yawaita, haɗarin cutar haukan kare kuma ya ƙaru. Zobe ɗaya ya cire, sarƙa duka ta girgiza.

Halin da ake ciki a Afirka ta Yamma

Ƙaramar ungulun nan mai jar fuska da aka saba gani a kasuwannin ƙasar Hausa ita ma tana fuskantar irin wannan ƙaddara. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya da ake kira IUCN ta sanya ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Dalilan sun haɗa da farautarta domin sayar da kai da sauran sassan jikinta ga masu tsibbu, da zuba guba a kan mushe, da kuma sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu. A 2020 an tsinci gawarwakin ungulaye fiye da 2,000 da aka kashe da guba a Gini-Bisau.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a lokacin haihuwarta, kuma ɗanta kan yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Saboda haka abin da aka kashe a yini guda, sai an yi shekaru masu yawa kafin a mayar da gurbinsa.

Aikin aji

Kare muhalli ba ya tsayawa ga zaki da giwa. Ya haɗa har da halittar da ake ƙyama. Malami zai iya tura ɗalibai mahautar garinsu su tambayi dattawan mahauta: yaushe rabonsu da ganin ungulu, kuma me ke cinye ƙazantar da take ci a da? Daga nan sai ɗalibai su zana sarƙar abincin garin sau biyu, ɗaya da ungulu, ɗaya babu ita, su kuma rubuta wanda ya ci riba da wanda ya yi asara.